Bin Kadin Jini da Huce Haushi

Harshen Ingilishi yana da aikatau biyu, avenge da revenge, waɗanda tushensu ɗaya ne, wato kalmar Latin vindicare da ta shigo ta hanyar tsohon Faransanci, amma masu harshen suka raba musu aiki. Na farko ana faɗinsa ne ga wanda ya tashi ya bi haƙƙin wani da aka zalunta, kamar ɗan da ya bi kadin jinin mahaifinsa, na biyu kuwa ga wanda ya rama wa kansa domin ya huce haushi. Samuel Johnson, a ƙamusunsa, ya jingina ɗaya ga adalci ɗayan ga zafin rai, ko da yake marubutan da suka gabace shi ba su tsare wannan iyaka ba, domin a wasan Hamlet na Shakespeare da kalma ta biyu fatalwar sarki ta umarci ɗanta ya bi jininta. Akwai kuma retaliate, mai nufin mayar da kwatankwacin abin da aka yi wa mutum, wadda ba ta yabo ba ta zargi.

Tambayar da wannan rabo ya tayar ta wuce nahawu, domin abin da ake son sani shi ne ko ayyukan biyu sun bambanta a zatinsu, ko kuwa mai magana ne yake zaɓen kalma gwargwadon ɓangaren da zuciyarsa ta karkata. Aristotle ya ga cewa horo ana yinsa domin wanda ake horarwa, ramuwa kuma domin mai ramawa ya samu biyan bukatar ransa. Robert Nozick, masanin falsafa ɗan Amurka, ya faɗaɗa batun a shekarar 1981, inda ya nuna cewa hukuncin sakayya yana bin laifi tabbatacce, yana da haddi, ba ya bukatar dangantaka tsakanin mai hukunci da wanda aka cuta, alhali ramuwa tana iya tashi daga raini kaɗai, ba ta da inda take tsayawa, kuma mai yinta yana jin daɗin wahalar abokin gabarsa.

Raunin duk wani bambanci da aka gina a kan niyya shi ne niyya ba ta ganuwa, kuma da wuya a sami mai ramuwa da bai ɗauki kansa mai tsayar da gaskiya ba. Wanda ya ƙone ƙauye saboda an kashe ɗan'uwansa zai rantse cewa bin kadi ya yi, kuma ba lallai ƙarya yake yi game da abin da ke ransa ba. Saboda haka ma'aunin da za a dogara da shi dole ya zama wanda idon wani zai iya gani, wato adadin abin da aka mayar da kuma hannun da ya mayar. Da Hausawa suka ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, halin mai ramawa suka bayyana, cewa wanda ciwo ke ci ba ya iya auna bashin da yake bi.

A nan ne tsarin ƙisasi a fiƙihun Musulunci ya cancanci dogon nazari. Ƙisasi shi ne a yi wa mai laifi daidai da abin da ya yi, kuma aya ta 178 a Suratul Baƙara ta shar'anta shi tare da buɗe ƙofar yafiya da diyya, yayin da aya ta 33 a Suratul Isra'i ta ba waliyyin jini, wato magajin wanda aka kashe, iko sannan ta hana shi wuce gona da iri. Shari'a ba ta ƙaryata baƙin cikin dangi ba, ta bar musu zaɓi, amma ta karɓe bincike da zartarwa ta miƙa wa alƙali da hukuma, har malamai suka ce waliyyin da ya yi gaban kansa ya kashe makashin ba da izinin shugaba ba za a ladabtar da shi, ko da haƙƙin nasa ne. Mazhabar Malikiyya ta ƙara da cewa mai kisan ganganci da dangi suka yafe wa za a yi masa bulala 100 a kuma tsare shi shekara ɗaya, domin jama'a ma tana da haƙƙi a jinin da aka zubar, kuma wannan haƙƙin ba ya hannun dangi balle su yafe shi.