Kayan Aro da Shirun Mai Gyara

Karatu: Fitowa 22:14, 2 Sarakuna 6:1-7

'Yan'uwa, ga wata tambaya da ta shafi rayuwarmu ta yau da kullum. Mutum ya ari kyamara don ɗaukar hoton biki, irin ƙananan Canon PowerShot masu cin batir AA guda biyu. Bayan biki ya jefa ta a akwati, batir na ciki. Zafin Ringim a watan Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, zafi kuma yana sa batir ya yi saurin yoyo. Da ya buɗe ta sai ya tarar da farin gari ya lulluɓe ƙarafan da batir ke taɓawa, kyamara ta ƙi kamawa. Ya gyara ta a gida, ta tashi. Ko wajibi ne ya gaya wa mai ita?

Gyaran ba shi da wuya. Ruwan da batir alkalin ke zubarwa sinadari ne mai ƙuna, dangin ruwan toka, idan ya sha iska sai ya daskare ya zama farin garin nan. Ka sa safar hannu ko leda, ka cire batir, kada ka taɓa idonka. Ka naɗa auduga a tsinken ashana, ka ɗiga ruwan lemun tsami kaɗan, ka goge ƙarafan. Tsamin yana kashe kaifin sinadarin. Ka bi da sifirit na kemis, ka kankare tsatsa a hankali, ka bar ta ta bushe sarai kafin ka sa sabon batir.

Sai dai hannunka ya kai inda idonka ya gani ne kawai. Ruwan yakan bi waya ya shiga can ciki, ya ci gaba da cin ƙarfe a ɓoye. Kyamarar da ta tashi yau tana iya mutuwa bayan makonni, a hannun mai ita, ranar da yake ɗaukar hoton sunan ɗansa.

Zuciya za ta ce, “Ai na gyara, me zai sa in tada magana?” Amma da mai kyamara ya sani, da ya kai ta wurin masu gyara a Dutse ko Farm Centre a Kano tun ɓarnar ba ta yi nisa ba. Shirunka ya hana shi wannan dama, asarar da ke kanka kuma ta koma kansa bai sani ba. Ba ka yi ƙarya da baki ba, duk da haka ka bar shi cikin duhu.

Dokar Musa ta ɗora biyan diyya a kan wanda ya ari dabba ta lalace a hannunsa mai ita ba ya wurin. Almajirin Elisha kuwa, da bakin gatarinsa ya faɗa Kogin Urdun, bai ɓoye ba. Nan take ya ɗaga murya don na aro ne, taimako kuma ya zo bayan ya faɗa.

Saboda haka ka mayar da kyamara tare da labarinta. Ka ce batir ya yi yoyo a hannunka, ga abin da ka yi, in ta sāke lalacewa kai za ka biya. Kai kuma mai kaya, idan ɗan'uwa ya zo maka da gaskiya, ka sauƙaƙa masa, don kada gobe tsoro ya koya masa shiru.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka ba mu ƙarfin Ruhu Mai Tsarki mu riƙe amanar kayan mutane, mu faɗi gaskiya ko da za ta ci kuɗinmu. A cikin sunan Yesu, Amin.