Majalisar Wasu, Bashin Gida

Wasu majalisun ƙasashen waje, irin na Amurka da Jamus, kan buɗe wa matasa masu karatun jami'a ƙofar sanin makamar aiki. Matashi ya yi 'yan watanni a ofishin ɗan majalisa, yana amsa wasiƙun 'yan mazaɓa, yana sauraron zaman kwamiti. Tambayar da ba mu cika yi ba ita ce: abin da ya koyo, na wa ne?

Mu a Katsina ba baƙin wannan tambaya ba ne. Abubakar Tafawa Balewa, tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina, ya tafi karatu Landan a 1945. A 1950 ya miƙe a majalisar Arewa a Kaduna, ya nemi a gyara mulkin En'e, lokacin da faɗin haka ke iya jawo fushin sarakuna. Tafiyarsa ta yi rana ne domin ya san ciwon gida kafin ya fita.

Majalisar dokokin jiharmu na da mambobi 34. Ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko Al-Qalam nawa ne suka taɓa shiga sauraron muhawarar kasafin kuɗi? Wanda bai ga tasa ba, da me zai auna ta wasu? Sai ya dawo mana da hotuna, da takardar shaida, da raini.

Ba mu ce kada a je ba. Amma gurbin da mutum ɗaya ya samu, da yawa suka rasa, amana ce. Ranar sauke ta ita ce ranar da manomi ya kawo kukan rijiyar ƙauyensu ofishin ɗan majalisa, ya tarar da wanda zai saurare shi, ya kuma bi maganar har a haƙa.