Hanyar Komawa Gida

Ran wata Asabar cikin watan Agusta na fita da samari shida na ajin baftisma daga Yalwan Damai, domin mu zaga daji mu komo kafin magariba. Muka gangara cikin kwazazzabo inda kanya da maɗaci suka haɗa kai har rana ba ta taɓa ƙasa. Rafin da ke ciki bai kai gwiwa ba. Muka haye, muka hau tudu, muka ci ɗan guzurinmu.

Da la'asar muka komo mashigin nan, sai ga ruwa ja wur, yana tafe da itatuwa. Ko ɗigo bai sauka a kanmu ba ranan nan, can gaba aka yi shi. Mutanen Gwaram sun san wannan hali ga Kogin Bunga, wanda ya taso daga tuddan Jos: sama garau, kogi kuwa ya cika. Wani yaro ya tuɓe riga zai faɗa, na riƙe hannunsa. Wani Bafillace mai kiwo ya nuna mana wata hanya ta bisa duwatsu, mai nisa, mai ƙaya. Muka shigo gari ta wani gefe dabam, dare ya yi, ƙafafu duk sartse. Iyayen yaran suna tsaye da fitila. Ba wanda ya tambaye mu don me ba mu komo ta inda muka fita ba. Ruwa suka kawo mana, da tuwo.

'Yan'uwa, ina da dalilin ba ku wannan labari. Akwai wani mutum da ya bar ekklesiya shekara tara. Ya sha giya, ya saki matarsa, ta yi wani aure. Yanzu yakan zo ran Lahadi ya zauna a benci na baya, ya fita kafin a yi albarka. Na ji waɗansu dattawa suna cewa, sai ya gyara dukan abin da ya ɓata kāna a karɓe shi. To, yaya zai gyara? Matar tana ɗakin wani da 'ya'ya uku. Mashigin nan ruwa ya ci shi. Kadan mun ce lalle sai ta nan zai biyo, mun ce masa ya faɗa ruwa ke nan.

Ban ce a yar da horo ba. Horo yana cikin Littafi Mai Tsarki, hanyar tuba kuwa doguwa ce, da ƙaya. Amma ku duba 2 Korantiyawa sura 2. Mutumin da aka hore shi, Bulus ya roƙi ekklesiya ta gafarta masa, ta ƙarfafa zuciyarsa, domin kada baƙin ciki ya yi masa yawa. Ku duba kuma Luka sura 24. Almajirai biyu suka bar Urushalima da fid da zuciya, suka yi tafiyar wajen mil 7 zuwa Imwasu. Yesu ya bi su a hanya. A daren nan suka komo, suka iske sha ɗayan a tattare, aka saurari shaidarsu.

Ran Lahadi mai zuwa ni da dattijo ɗaya za mu zauna a bencin nan na baya. Akwai sauran wuri.