Gadon da ke Kulle a Kabad

Akwai gidaje a unguwar nan da ke ajiye da tambulan da farantan gilashi masu nauyi, irin na da, waɗanda aka yi wa zane da hannu. Suna kulle a kabad, ko baƙo bai isa ya sha ruwa da su ba. Ran rabon gado kuwa, sai ka ji 'yan'uwa sun daina gaisawa a kansu.

To wai mene ne gadon, gilashin ko hannun da ya yi shi?

Mu leƙa Bida, nan Jihar Neja. A unguwar Masaga, Nufawa sun gaji narka gilashi kaka da kakanni, suna fitar da ƙarau da duwatsun ado. A 2021 UNESCO ta sa garin cikin biranen sana'ar hannu. Ƙarau ya fashe yau, gobe su ƙera wani. Asararsu ɗaya ce: ranar da yaro ya ƙi zama gaban wuta ya koya.

Jama'a, abin da ƙaramin yaro zai iya fasawa bai kai a fasa zumunci a kansa ba. A fito da tambulan a ba baƙo ruwa, a kuma sa yara koyon sana'a.