"Har Zuwa Dala 100,000": Shin Gaskiya Tana Iya Zama Ƙarya?

Duk wanda ya bi manyan hanyoyin ƙasar Amurka ba zai rasa cin karo da tirela ɗauke da talla a bayanta ba, ana cigiyar direbobi. Yawanci rubutun gajere ne, ga daɗin ji: zo ka yi aiki da mu, ka samu har zuwa dala 100,000 a shekara, kuma ka riƙa kwana gida kowane mako. Mu da sana'armu ita ce sarrafa kalmomi, ya kamata mu tsaya a kan kalmomin nan biyu, wato "har zuwa," domin a cikinsu akwai wata tsohuwar tambaya: idan mutum ya faɗi maganar da babu ƙarya a harafinta, alhali ya tsara ta ne don mai saurare ya fahimci abin da ba haka yake ba, shin ya yi ƙarya ko bai yi ba?

Kafin mu yanke hukunci, bari mu ga yadda ake biyan direban. Mafi yawan masu dogon zango a can ba albashin wata ake ba su ba, ba kuma ladan awa ba. A kan kowane mil da taya ta murza ake biya. Idan mota na tsaye, to aljihu ma yana tsaye. Direba zai iya shafe awa huɗu ko biyar a ƙofar sito yana jiran a yi masa lodi, ya duba birki da tayoyi, ya sha mai, ya maƙale a cunkoso, duk wannan aiki ne, amma mil bai ƙaru ba. Ga kuma doka ta ƙayyade masa tuƙin awa 11 a cikin awa 14 na aiki, da awa 70 a kwana 8, sannan tun Disambar 2017 na'ura ce ke ƙidayar, ba littafin da ake cikewa da hannu ba. Saboda haka awar da ta tafi a jira ta tafi ke nan. Bugu da ƙari, dokar ƙwadago ta 1938 da ta wajabta ƙarin lada ga wanda ya wuce awa 40 a mako, ta tsame irin waɗannan direbobi daga ciki.

Alal misali, mu ƙaddara ana ba mutum senti 50 a kan mil. Makon da ya ci mil 2,500 ya tashi da dala 1,250. Makon da jira ya cinye shi ya yi mil 1,800, sai ya tashi da 900, alhali awoyin da ya ɓata ɗaya ne, kuma duka makonnin biyu a cikin mota ya kwana, nesa da iyalinsa. Mai talla ya san da makonnin nan biyu. Na farkon yake ɗauka ya ninka, ko ma ya ɗauki na gwarzon direban da ya fi kowa samu a kamfanin, ya manna masa "har zuwa."

To, mai kare tallar zai ce: ina ƙaryar take? Ai akwai wanda ya taɓa samun kuɗin. Kuma direba baligi ne mai hankali, an ba shi takardar yarjejeniya ya karanta kafin ya sa hannu. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Wannan hujja ba ta banza ba ce, don kuwa babu mai talla a duniya da ke fara lissafa aibin hajarsa, kuma ba ma son a mai da manya yara.

Sai dai kash, hujjar tana da rami. Mai sayen rariya yana ganin hudojinta da idonsa. Shi kuwa sabon direba bai san mil nawa za a ba shi a mako ba, domin ba shi ke rabon lodi ba, kamfanin ne. Kamfanin kuma yana da lissafin abin da kowane direbansa ya samu bara, ya san na sama, ya san na tsakiya, ya san na ƙasa. Wanda ke riƙe da lissafi duka ya zaɓi ya nuna na sama kawai, bai bambanta da mai jera manyan tumatir a bakin kwando ba. Kowane tumatir da ke saman nan na gaske ne, amma kwandon ƙarya ne. A ganinmu ba a auna magana da harafinta kaɗai. Ana auna ta da hoton da mai ita ya yi niyyar dasawa a zuciyar mai ji.

Abin da ya ƙara tabbatar mana da niyyar shi ne yawan masu ajiye aikin. Ƙungiyar kamfanonin manyan motoci ta Amurka da kanta ta bayar da ƙididdigar cewa a 2019 sauyin direbobi a manyan kamfanonin dogon zango ya haura kashi 90 cikin 100. Wato kamfani mai direba 100 sai ya nemo kusan 90 a shekara don cike gurbi. Wanda ya ga haka shekara da shekaru bai sauya tallarsa ba, ba zai ce bai san mutane na shigowa da zato suna fita da cizon yatsa ba. Steve Viscelli, masanin zamantakewa da ya yi tuƙin tirela da kansa kafin ya wallafa littafinsa The Big Rig a 2016, ya nuna yadda ake jan direban da ya gaji da ƙarancin samu zuwa mataki na biyu: a ba shi mota bashi, a ce ya zama mai gidan kansa. Daga nan kuɗin mai, da gyara, da inshora, da biyan bashin duk sun koma wuyansa, rabon lodi kuwa yana nan hannun kamfani. Shigo-shigo ba zurfi ke nan. A 2017 jaridar USA Today ta binciki direbobin tashoshin jiragen ruwa na Kalifoniya da ke cikin irin wannan tsari, har ta samu wanda bayan an cire komai ya tashi da senti 67 a mako.

Hukuma ma ta fara gane cewa "har zuwa" ba garkuwa ba ce. A 2024 kamfanin Lyft, na ƙananan motocin haya, ya amince ya biya tarar dala miliyan 2.1 bayan hukumar kula da ciniki ta tarayya ta zarge shi da tallata kuɗin da kashi ɗaya cikin biyar na direbobinsa kawai ke samu.

Wani abu da bai kamata ya wuce mu ba, 'yan'uwa, shi ne tallar nan ba daga sama ta faɗo ba. Wani ne ya zauna ya rubuta ta, mai irin sana'armu, wanda ya san nauyin kalma. Wataƙila ya gwada "matsakaicin samu," ya ga lambar ba ta da armashi, ya soke. Shi ma ma'aikaci ne, yana da iyali, kuma bai rubuta ƙarya ko ɗaya da lauya zai kama shi da ita ba. Amma ya san wanda zai karanta: mutumin da masana'antarsu ta rufe, ko baƙon da ya iso ƙasar bara, wanda zai sa hannu a takardar koyon tuƙi da ke cewa in ya bar kamfanin kafin wa'adi, kuɗin horon sun zama bashi a kansa.