Abin da Ƙasusuwan Sarki Suka Faɗa

A shekarar 2012 masu tonon kayan tarihi na Jami'ar Lesta da ke Ingila suka fasa kwaltar wani wurin ajiye motoci, suka tarar da ƙwarangwal. Ba akwatin gawa, ba alamar likkafani. Kabarin ma cikin gaggawa aka haƙa shi, ya yi wa mai shi kaɗan, har kansa ya jingina da bangon ramin. Gwajin ƙwayoyin gado ya tabbatar Richard na Uku ne, Sarkin Ingila, wanda aka kashe a yaƙin Bosworth a 1485. Shekarunsa 32 a duniya, biyu da 'yan watanni a kan gadon sarauta.

Ƙashi yana riƙe labari. Wanda ya karye ya rayu, ɗori ya kama, sabon ƙashi kan toho a wurin ya bar ƙulli. Kowane maɗori ya san wannan da yatsunsa. Ƙashin da ya bushe a ƙasa kuwa, in ya karye daga baya, bakin karayar kan fita da wani launi dabam. Da haka masana ke rarrabe ciwon da aka sha aka tashi da wanda aka tafi da shi.

Raunuka 11 aka ƙirga a jikin sarkin nan, tara a kai, kuma babu ko ɗaya da ya fara warkewa. Jiki bai samu zarafin gyara ba ke nan. Biyu suna can ƙasan ƙeya: sara ɗaya ya zaftare ɓangaren ƙoƙon kai, suka ɗaya ta ratsa har cikin ƙwaƙwalwa. Hannuwansa ba su da tabon kare sara, abin da ya sa ake jin sulkensa na jikinsa, kwalkwali ne ya rabu da kansa. Allahu Akbar! Da safe ana faɗuwa gabansa ana gaisuwa, kafin yini ya ƙare ya zama gawa. Mu da ke tsara shekara goma nan gaba kamar mun karɓi takardar lamuni, ya kamata jikinmu ya yi sanyi.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne raunin ƙugu. Masana na ganin bayan ya mutu aka soke shi nan, an tuɓe masa sulke, an kifa shi a bayan doki za a kai shi Lesta jama'a su gani. Sai a 2015 aka sake binne shi a babbar majami'ar garin, shekara 530 bayan wancan yini.