Dinyar Kanada da Iyakar Ikon da Aka Ba Ɗan Adam

A biranen Amurka da Kanada akwai wata tsuntsuwa da ta raba kan mazauna gari. Dinya ce ta daji, mai baƙin wuya da farin haɓa, wadda ake kira dinyar Kanada. Asalinta mai ƙaura ce: in hunturu ya wuce ta yi arewa ta sa ƙwai, in sanyi ya kama ta gangaro kudu. Amma yau akwai garkuna masu ɗimbin yawa da suka daina tafiya. Sun yi kaka-gida a lambunan shaƙatawa da filayen wasa da bakin tafkunan cikin gari, suna kiwon ciyawa, suna cika hanya da kashi, suna ɓata ruwan da yara ke iyo, in kuwa lokacin ƙyanƙyasa ne namijin yakan bi mai wucewa da sara. Wasu suka ce a bar maharba su rage su, wasu suka ce wannan zalunci ne. Me mai bi zai ce?

Mai shari'a na gari yakan fara tambayar yadda wanda ake ƙara ya zo wurin. Shekaru ɗari da suka wuce farauta ta kusa ƙarar da waɗannan tsuntsaye, har Amurka ta kafa dokar kare tsuntsaye masu ƙaura a 1918. Nau'in da ya fi girma a cikinsu an ɗauka ya shuɗe daga duniya, sai a 1962 wani masani, Harold Hanson, ya tarar da garkensu a birnin Rochester na jihar Minnesota. Hukumomin namun daji suka yi ta kiwonsu suna sakewa a jihohi daban-daban. Ɗan dinya kuwa daga iyayensa yake koyon hanyar ƙaura. Wanda ya tashi a hannun mutum ba shi da mai nuna masa hanya. Ga kuma ciyawa da ake aske mata kai kowane mako, ga tafki, ga masu jefa burodi, babu kuma naman dajin da zai kore shi. Annabi Irmiya ya kunyata mutanensa da shamuwa, wadda ta san lokacinta alhali su ba su san ka'idar Ubangiji ba (Irmiya 8:7). Mu ma mun san shamuwa, mai zuwa gaban damina ba tare da an aika mata ba. Dinyar birni ta rasa irin wannan sani, kuma hannun mutum ne ya raba ta da shi. Wanda ya shimfiɗa wa baƙo tabarma ya kamata ya sassauta murya sa'ad da yake kukan baƙon ya daɗe.

Duk da haka ba na tare da masu cewa haramun ne a taɓa ran tsuntsu ko da wane dalili. Sun wuce inda Littafi Mai Tsarki ya tsaya. Bayan ruwan tsufana Allah ya ba Nuhu da zuriyarsa dabbobi da tsuntsaye su zama abinci, kuma Ubangijinmu da kansa ya ci gasasshen kifi bayan tashinsa daga matattu. Sai dai a wurin da aka ba da iznin nan aka gindaya sharaɗin jini (Farawa 9:3-4), domin mai yanka ya tuna ran da yake ɗauka yana da Mai shi. Mulkin da aka ba Adamu a sura ta fari, sura ta biyu ce ta fassara shi: an sa shi a gonar ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Ikon wakili ne, wanda za a tambaye shi lissafi.

Ranar 15 ga Janairu 2009 jirgin US Airways ya tashi daga filin LaGuardia a New York, ya ci karo da garken dinya, injinansa biyu suka mutu. Matuƙin, Chesley Sullenberger, ya sauke shi a kan kogin Hudson, mutum 155 da ke ciki duka suka tsira. A nan ba ni da wata tababa. Almasihu ya ce Uba yana sane da faɗuwar kowace gwara, a wuri guda kuma ya ce mutum ya fi gwarare masu yawa daraja (Matiyu 10:29-31). Inda tsuntsu ke sa rayukan matafiya cikin haɗari, a kawar da shi. To amma dubi abin da ya biyo baya. Masana na cibiyar Smithsonian sun binciki gashin da aka ciro daga injinan, suka gano tsuntsayen masu ƙaura ne da suka fito daga can arewacin Kanada. A 2010 kuwa aka tattara wajen dinya 400 mazauna lambun Prospect a Brooklyn, a makonnin da suke zubar da gashin fukafukai ba su iya tashi, aka kashe su da iskar gas, aka binne a juji. Hukuma ta ce rigakafi ne, kuma tana da hujjarta, gama mazauna ma suna tashi kusa da filayen jirage. Ni abin da ya tsaya mini a rai jujin ne. Tsoro ya kama gari, aka huce a kan wanda hannu ya kai gare shi, sa'an nan ko cikin mayunwaci ɗaya bai amfana ba.

Akwai wata ƙaramar doka a Maimaitawar Shari'a 22:6-7 da ba safai ake wa'azi a kanta ba. In mutum ya tarar da sheƙa a hanya, uwa tana kwance a kan ƙwai ko 'ya'ya, an yarda ya ɗauki na cikin sheƙar, amma sai ya saki uwar. Kuma alkawarin tsawon rai aka ɗaura wa wannan doka, irin wanda aka ɗaura wa girmama iyaye. Dokar ta yarda mutum ya ɗiba, ta hana shi tumɓuke tushe. Abin sha'awa, dabarar da ma'aikatan namun daji ke bi yanzu ta yi kusa da wannan: sukan shafa wa ƙwai man masara tun yana sabo, iska ta daina shiga, uwar ta ci gaba da kwanci har lokacin ya wuce ba ta sake sa wani ba. Ana kuma korar garke da karnukan kiwo, ana barin ciyawar bakin ruwa ta yi tsawo, domin dinya ba ta son wurin da ba ta hango abin da ke zuwa. Waɗannan hanyoyi suna cin kuɗi da haƙuri, sai an shekara da shekaru ana yi. Garin da bai gwada su ba, bai ma hana jefa burodi ba, ba shi da bakin cewa ya rasa yadda zai yi.

In an yi wannan duka yawan bai ragu ba, na yarda a yi farauta, bisa ƙa'ida. Jihohi da dama sun buɗe lokacin farauta na musamman a watan Satumba, kafin masu ƙaura su iso, domin harbin ya faɗa a kan mazauna. Ana yinsa a gonaki da fadamun bayan gari, gama ba mai hankalin da zai ɗaga bindiga inda yara ke wasa. A cikin gari aikin ma'aikatan hukuma ne, su yi shi da sauri, ba tare da azabtarwa ba. Kuma naman ya shiga tukunya. Karin Magana 12:27 ta zargi malalacin da ba ya gasa abin da ya farauto. Bayan surutun da aka yi, New York ta koma aika tsuntsayen mahauta a Pennsylvania a raba wa mabukata, birnin Denver ma ya yi haka a 2019 da fiye da dinya 1,600.

Masu adawa suna da magana ɗaya da ba zan iya ture ta ba. Dinya miji ɗaya take riƙewa, sau da yawa har mutuwa, kuma in an harbe ɗaya, wanda ya rage yakan yi ta kewaya wurin yana kira. Wannan bai soke iznin da aka ba Nuhu ba. Amma ya isa ya sa maharbi ya ƙidaya bakunan da ke gidansa kafin ya ƙidaya harsashinsa, ya kuma sauke bindiga da zarar abin miya ya samu, ko da doka ta ba shi damar ƙari.